Shaidata kan Iwik, ƙauyen masunta a gaɓar tekun Muritaniya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni direba ne, haifaffen Agadas, a kan yashi na koyi tuƙi. Da aka rufe haƙar zinariya a Jado, a arewacin Nijar, a 2017, neman halaliya ya kai ni Muritaniya, inda na zauna ina yi wa wani ɗan kasuwa tuƙin Hilux tsakanin Nuwakshot, Shami da ƙauyukan masunta na bakin teku. Wani lokacin kifi ake ɗaukowa, wani lokacin ruwan sha ake kaiwa, wani lokacin kuma baƙi ne masu zuwa kallon tsuntsaye. A cikin ƙauyukan nan babu wanda ya zauna mini a rai kamar Iwik, kuma shi nake so in ba da shaida a kansa, domin duk wanda Allah ya nufa da zuwa ya je da saninsa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a can agogon hannunka ba shi ne mai hukunci ba. Cikar teku da janyewarsa, da kuma iska, su ke faɗa maka lokacin tashi da lokacin zama.

Iwik na cikin gandun da ake rubuta sunansa Banc d'Arguin a taswira, wanda gwamnatin Muritaniya ta keɓe a 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1989. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi hamada rabi ruwa. Mutanen da aka yarda su zauna a ciki su ne Imragen, masunta masu jin Larabcin Hassaniyya, Musulmi 'yan mazhabar Malikiyya kamar mu. Yawansu a gandun bai wuce kimanin mutum 1,500 ba, a warwatse cikin ƙananan ƙauyuka: Mamgar a ƙarshen kudu, sai Rgeba, Teshot, Tesot, Iwik, Ten Alul, Arkes, da wani ƙauye da ke kan tsibirin Argin a arewa. Babu itacen inuwa, babu gona, babu rijiyar ruwan daɗi. Hamada ce ta zo ta tsaya cak a bakin Tekun Atlantika.

Hanyar kwalta daga Nuwakshot zuwa Nuwadibu kilomita 470 ce, kuma sai a wajajen 2004 zuwa 2005 aka kammala ta. Shami na kusan tsakiyarta. Sabon gari ne da aka kafa a 2012, nan ne ofishin gandun yake, nan ne kuma wuri na ƙarshe da za ka tabbatar da samun dizal, burodi, ruwa da mai facin taya. Kafin ka iso za ka wuce shingayen jandarma da yawa. Ka buga takarda mai ɗauke da sunanka, lambar fasfo, lambar mota da inda za ka, ka yi kwafi kamar 20, kowane shinge ka miƙa ɗaya. Wanda bai yi haka ba sai ya tsaya ana kwafe bayanansa da biro a kowane shinge, kuma wannan ɓata lokacin kaɗai ya isa ya sa dare ya riske shi a cikin yashi. A ofishin gandu ake biyan kuɗin shiga, kowane mutum kowace rana, a ba ka rasit. Ka adana shi, ma'aikatan gandu suna tambaya a ƙauyuka. Wajen ciniki kuma ka riƙa tambaya ko tsohon kuɗi ake nufi ko sabo, domin tun farkon 2018 aka cire sifili ɗaya daga ugiyya, kuɗin ƙasar, amma har yanzu mutane da yawa da tsohon lissafi suke faɗin farashi. Wanda aka ce masa 5,000 yana iya zama 500 ce a sabuwar takarda.

Daga Shami zuwa Iwik kusan kilomita 60 ne ba kwalta. A ido tafiyar awa guda ce, a aikace ka ware awa biyu zuwa uku. Da zarar ka sauka daga kwalta ka tsaya ka rage iskar taya. Tayar Hilux da ke bar 2.5 a kan titi, wato wajen 36 a ma'aunin masu faci na Najeriya, ka sauke ta zuwa bar 1.5, wato wajen 22. In yashin ya yi laushi sosai ka sauka zuwa 1.2. Kada ka gangara ƙasa da bar 1 da mota mai kaya, kuma da taya mai ƙarancin iska kada ka yanke kwana da gudu, domin tayar na iya zamewa daga wili, kuma mayar da ita a cikin iska mai ɗauke da yashi aiki ne mai cin rai. Shan mai ma yana canzawa. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 bisa kwalta tana kaiwa 15 har 20 a cikin yashi, don haka ka cika tanki ka ƙara jarka biyu ta lita 20. Kayan da ba a tafiya ba tare da su ba: shebur, farantan ƙarfe biyu na sawa ƙarƙashin taya, jak da katako mai kauri da zai zauna a kai, igiyar jan mota mai ƙarfi, famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, safayar taya biyu in da hali. Mota biyu sun fi mota ɗaya, ɗan jagora daga gandun kuma ya fi kowace taswirar waya, domin sawun motoci ya rarrabu ko'ina, iska kuma tana shafe shi cikin yini guda.

Direban hamada ya san tudun yashi, ya san ramin da ke bayansa. Abin da ba lallai ya sani ba shi ne fadamar gishiri, wadda suke kira sabka, kuma ita ce ta fi kama motoci a wannan yanki. Fili ne shimfiɗaɗɗe, fari ko ruwan toka, mai jan hankalin direba ya taka wuta saboda santsinsa. Samansa ɓawon gishiri ne da bai wuce kaurin yatsu biyu ko uku ba, ƙarƙashinsa laka ce baƙa mai danƙo wadda ruwan teku ke jiƙawa ta ƙasa. Mota ta fasa ɓawon, sai ta zauna a kan cikinta nan take. Alamominta: wurin da ya fi kewayensa duhu, wurin da ke sheƙi, wurin da babu sawun mota ko ɗaya alhali shi ne hanya mafi gajarta. In kana shakka ka sauka ka taka da ƙafa, ka caka sanda. In ta fito da baƙar laka a jiki, ka zagaya ta gefen da ke da ciyayi ko da zai ƙara maka kilomita biyar. In kuwa ta riga ta kama ka, abu na farko ka ɗauke ƙafarka daga totur. Ci gaba da murza taya rami yake ƙara tonawa, ya kuma ƙona kuloci. A sauke kaya da mutane, a haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin mota har ka ga haske ta ɗaya gefen, a ɗaga da jak bisa katako, a cusa farantai, sannan a koma da baya ta sawun da aka shigo, da ƙaramar giya, a hankali. Motar da ta zo taimako ta tsaya nesa a kan busasshiyar ƙasa ta miƙo igiya. Da yawa sun matso kusa don taimako, aka wayi gari motoci biyu ne a cikin laka.

Laushin sabka yana bin wata, kuma a nan ne lissafin watanmu na Musulunci yake da amfani ƙwarai. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kowane yini da dare. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 a kan na jiya. A farkon wata da kuma kwanakin 14 zuwa 16, cikar tana yin girma, ruwa ya hau wuraren da bai saba kaiwa ba, janyewar ma ta yi nisa. A wajen 7 da 22 ga wata, bambancin kaɗan ne. Saboda haka hanyar da ka bi lafiya ranar 8 ga wata tana iya zama tarko ranar 16. Mai amfani da jadawalin cikar teku a waya ya duba agogonsa, domin Muritaniya tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuma wayar da ta tsaya a kan lokacin gida za ta ba shi lissafin da ya kauce da awa guda cur. Ban da haka, a cikin gandun ruwa yana ratsa mashigai da tsibirai kafin ya iso, don haka lokacin Iwik ba daidai yake da na tashar Nuwadibu ba. Tambayi masunci, shi ya fi jadawali.

Kafin a yi kwalta, bakin teku shi ne babbar hanya tsakanin Nuwakshot da Mamgar, wajen kilomita 150, kuma har yau akwai masu binta. Ana shiga ne kamar awa biyu kafin ƙarshen janyewar ruwa, a fita kafin awa biyu bayansa. Ana tuƙi a kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri da ruwa ya bari, ba a kan busasshen da ke sama ba, ba kuma inda igiyar ruwa ke wanke taya ba. Akwai wuraren da tudun yashi ya gangaro har bakin ruwa, babu mafita hagu babu dama. Motar da ta mutu a irin wannan wuri lokacin da ruwa ke dawowa, igiyar ruwa tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin tayoyinta kaɗan kaɗan har ta nutse. Ra'ayina, baƙo ya bar wannan hanya sai in yana bayan wanda ya san ta.

Iska kuwa, ita ce za ka fara ji kafin ka ga ƙauyen. Daga arewa take busowa kusan duk shekara, da safe da sauƙi, bayan azahar ta tsananta har zuwa dare. Tana da sanyi saboda ruwan wannan gaɓa mai sanyi ne, yana tasowa daga ƙarƙashin teku, kuma wannan ruwan ne ke kawo abincin da ya sa kifi ya yi yawa a nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare yana da sanyi mai shiga ƙashi, ga raɓa mai gishiri da ke jiƙa duk abin da aka bari a waje. Wani lokacin kuma iskar ta juya ta fito daga gabas, da zafi da ƙura, har ka kasa ganin motar da ke gabanka. Ka ajiye mota da hancinta yana fuskantar iska, ka riƙe ƙofa da hannu biyu in za ka buɗe, domin iska daga baya tana fizge ƙofa ta lanƙwasa mariƙinta. Rawani ba ado ba ne a nan, shi ke tsare hanci da kunne. Maza suna naɗa shi a kan babbar rigarsu mai launin shuɗi ko fari, mata kuma suna cikin laffaya. Waya da kyamara a sa su cikin jaka mai zif, don yashin yana da laushin da zai shiga ramin caji. Ledar cefane kuma an hana ta a ƙasar tun 2013, kada ka taho da ita.

Gidajen Iwik ƙanana ne, na katako da kwano da duk abin da teku ya turo, akwai 'yan na bulo, kuma ƙofofi suna ba arewa baya. Akwai masallaci, makarantar firamare, tashar masu bincike ta gandun, da 'yan faifan sola a kan rufi. Baƙi suna kwana a manyan tantuna irin na makiyayan ƙasar, a wani sansani da ke gefen ƙauye, kuma matan ƙauyen ne ke kula da irin waɗannan masaukai ta ƙungiyoyinsu. Ina ba da shawarar a kwana a nasu, don tantin an yi shi ne domin wannan iskar, ƙasa-ƙasa, da igiyoyi masu tsawo, kuɗin kuma yana shiga hannun masu wurin. Wanda ya nace sai ƙaramin tantinsa, ya sani turakun ƙarfe ba sa riƙewa a yashi. Ya cika buhuna da yashi, ya ɗaura igiya a jikinsu, ya binne su zurfin kamu ɗaya, ya kafa tantin a bayan mota ta gefen kudu, ya zuba kayansa masu nauyi a ciki kafin ya ɗaga sanduna. Kuma ya duba layin busasshiyar ciyawar teku da ke kwance a kan yashi: nan ne iyakar inda ruwa ya kai a cikar baya, sai a kafa tanti can sama da shi sosai. Da dare diloli suna zagayawa, kada a bar abinci ko takalmi a waje.

Maganar ruwa ita ce ta fi taɓa ni a rayuwar mutanen nan. A da, da raƙuma da jiragen ruwa ake kawo musu daga nesa. Yanzu motar tanki ke kawowa, an kuma kafa ƙananan injinan tace gishiri a wasu ƙauyukan, amma inji a wurin da gishiri ke cin ƙarfe, kuma babu makaniki kusa, yana yawan tsayawa. Duk kofin da aka miƙo maka, wani ya yi lissafinsa. Saboda haka baƙo ya zo da nasa: lita 5 na sha ga kowane mutum a rana, lita 5 na girki da tsarki, da ƙarin kwana biyu a kan abin da ya tsara, don mota tana iya lalacewa. Jarka ɗaya a ware ta domin lagireto. Abin da ya rage ranar tafiya a bar wa masu masauki, babu tsarabar da ta fi shi daraja. Alwala da wanka kuwa Allah ya sauƙaƙa, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa game da teku cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ana alwala da ruwan teku, ana wanke kwanuka da shi da yashi, sai a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Sabulu dai ba ya kumfa a ciki, kada ka ɓata shi. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata zuwa arewa, wato mai salla yana ba teku baya.

In an sauke ka, kada ka yi gaggawar kawo buƙatarka. Gaisuwarsu doguwa ce, a tambayi lafiya, a tambayi iyali, a tambayi hanya, a sake komawa. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu. Shayi kofi uku ne kamar yadda muka sani a Agadas, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Ganyen shayi, sukari, albasa, dabino da batirin tocila kyauta ce da ake jin daɗinta. Hoto sai da izini, musamman na mata da wurin aikinsu. Wanda ya yi karatun allo da ɗan fiƙihu zai ga Larabcinsa ya yi masa rana, don ko bai iya Hassaniyya ba za a fahimci juna.

Abin da ya sa gandun ya bambanta da sauran gaɓar ƙasar shi ne an hana jirgi mai inji kamun kifi a cikinsa. Imragen kaɗai ke da izinin kamun kifi, kuma da jirgin katako mai tafiya da iska, wanda suke kira lanshi. Asalinsa daga masuntan tsibiran Kanari ne. Tsawonsa wajen mita 8 zuwa 10, da ƙyalle guda mai kusurwa uku, cikinsa kuma ba ya nutsewa da zurfi, shi ya sa yake wuce inda ruwa bai kai ƙugu ba. An ƙayyade yawansu a 100 da 'yan kai a duk gandun, kuma a Rgeba akwai wurin da ake ƙera su ana gyarawa. A irin wannan jirgi ake kai baƙo wajen Tidra, tsibiri mafi girma, da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi. Ana shirya tafiyar tun daren jiya, kuma matuƙin ne zai faɗi lokacin tashi, ko da asuba ne ko da hantsi. In ya ce a juya, a juya, ko da tsuntsayen da ka zo gani suna gabanka. Ruwan nan mafi yawansa bai kai zurfin mita 5 ba, kuma in ya janye yana barin laka da ciyawar teku da ta kusa murabba'in kilomita 500 a fili. Jirgin da ya makara da rabin awa sai ya kwanta a kan laka ya jira sabuwar cika, awa shida ko fiye, babu inuwa. Don haka ko tafiyar awa uku aka ce maka, ka ɗauki ruwa da abincin yini da rigar sanyi. Wannan rashin zurfin ne ya kama jirgin yaƙin Faransa mai suna Medus a watan Yuli na 1816. Mutum kusan 150 aka ɗora a kan katakan da aka ɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 kawai da rai.

Tsuntsayen kuwa, Allah mai iko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙananan tsuntsayen bakin ruwa kusan miliyan biyu ke sauka a nan, daga arewacin Turai, Sibiriya da Girinlan, suna gudun sanyin ƙasashensu. Ga kwasakwasa, ga zalɓe, ga filamingo masu dogayen ƙafafu da ja-ja a fukafuki. Lokacin ganinsu shi ne sa'ad da ruwa ke hawa, don yana koro su daga laka su taru a 'yan tsirarun wuraren da suka rage a bushe. An hana sauka a tsibiran da suke ƙwai, kuma hanin yana da dalili: in uwa ta tashi don tsoro, rana da sauran tsuntsaye suna gamawa da ƙwan cikin mintuna. In za ka shiga ruwa da ƙafa, ka sa takalmin roba saboda kaifin bawon kifi, kuma ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, don akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya cikin yashi. Jan ƙafa yana korarsa, takawa kuwa tana sa ya yi sara. Wanda kifin ya sara, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, wajen digiri 45, na rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, a wanke, sannan a kai shi asibiti. Asibitin kirki yana Nuwakshot ko Nuwadibu, layin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa, don haka mai ciwon suga, hawan jini ko asma ya riƙe maganinsa da rara.

Arzikin Imragen na asali wani kifi ne da suke kira azol, mai zuwa garke-garke daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar sanyi. Yadda kakanninsu ke kama shi: mutum ɗaya ya tsaya a tudu yana duban inda launin ruwa ya sauya, in ya ba da alama maza su shiga da ƙafa, taru a saɓe a kan sanda, su kewaye garken. A wajen Mamgar har dukan ruwa ake yi da sanda, dabbobin ruwan nan dolfin su taso su koro kifin zuwa gaɓa, kowa ya samu rabonsa. Yau wannan ya yi wuyar gani, jirgi ya karɓe yawancin aikin. Aikin mata kuwa yana nan, kuma babu abin da suke zubarwa. Ana fasa cikin kifin a hankali a ciro jakar ƙwai ba tare da ta fashe ba, a barbaɗa gishiri, a danne tsakanin katakai, a shanya a inuwa kwanaki har ta yi tauri. Wannan shi ne mafi tsada, har Turai ake kai shi. Naman a tsaga shi a rataye a iska ba gishiri, ya bushe kamar kilishin da ba a sa wa labu ba, suna kiransa tishtar. Kawunan a dafa a kwashe man da ya taso a zuba a kwalba. A lokacin kakar kifin mutanen cikin ƙasa suna zuwa su yi makonni suna cin tishtar da man nan, don sun yarda yana gyara jiki. Iskar da ke takura wa baƙo ita ce ke busar musu da abinci kafin ƙuda ya ɓata shi. In za ka saya, ka shinshina: mai kyau ƙanshin teku yake, wanda ya sha raɓa yana ɗan warin tsami kuma yana lanƙwasuwa maimakon karyewa.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Daga shekarun 1980 kasuwar fiffiken kifin shak ta Asiya ta ja masuntan nan suka koma kamun shak da danginsa, ana kuma sa naman gishiri a busar a kai Gana. Kuɗi ya shigo, amma waɗannan kifaye ba sa haihuwa da yawa, sai suka fara ƙarewa, har aka yi yarjejeniyar hana tarunsu a 2003. A wajen iyakar gandu kuma kwalekwale masu inji da manyan jirage suna tare kifin kafin ya shigo ko bayan ya fita. Sannan ga Shami, wadda tun 2016 ta cika da injinan niƙa dutsen zinariya, ana wanke shi da sinadarin makuri mai guba, alhali iskar da ruwan sama ba su san iyakar gandu ba. Na ci abinci a harkar zinariya, na san yadda ake zubar da wannan ruwan, shi ya sa nake roƙon 'yan'uwanmu da ke wannan aiki su ji tsoron Allah a kan inda suke zubarwa. Mutanen da suka haƙura da inji don kifi ya wanzu bai kamata guba ta same su daga tudu ba. Wannan gaɓa ta riga ta ga zalunci a tarihi: a tsibirin Argin ne Turawan Fotugal suka kafa sansanin ciniki a shekarun 1440, suna ɗibar bayi da ƙaro da zinariya zuwa Turai.

Ranar komawa a tashi da sassafe, lokacin da yashi ke da sanyi da tauri, iska kuma ba ta tashi ba. A kwashe shara duka a mota, gwangwani da roba da batir, don a can babu inda za a kai ta sai teku. Da isa bakin kwalta a tsaya a mayar da iskar taya yadda take. Wannan shi ne abin da gajiya ke sa mutane su tsallake, su ce sai Shami, kuma taya mai bar 1.5 a kan kwalta mai zafi da gudun 100 tana yin zafi daga ciki ta fashe. In babu famfo, kada a wuce gudun 40 har a kai wurin mai faci. A cire matatar iska a kakkaɓe ta, a duba ruwan lagireto. A ranar da aka isa gari, ba washegari ba, a kai motar wurin wanki a ɗaga ta, a wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi mai ƙarfi: cikin wili, birki, sifirin, bututun mai da duk lungun da laka ta maƙale. Lakar sabka da aka bari ta bushe a jiki tana riƙe gishiri da damshi, ta ci bututun birki da kusoshi a ɓoye, sai bayan watanni abin ya bayyana. Bayan wankin a sa giris a duk mahaɗai, a goge kan batir, a taka birki sau da yawa a hankali har ya bushe kafin a shiga cunkoson Nuwakshot.